Tashar da Ba Ta da Gangara

Idan ka fito daga kasuwar Karshi ka miƙi hanyar da ke sauka wajen rafi, akwai wata 'yar gangara a hannun hagu. A samanta Lantana ta girma da sana'arta: tukunya uku, benci huɗu, bokitin wanke hannu biyu. Da tukunya ɗaya ta fara, ta shinkafa da wake, tun mijinta yana masinja a wani ofis a Garki. Daga baya Christina, maƙwabciyarta mai gasa masara, ta ce mata mutanen Binuwai ba sa lissafa shinkafa a cikin abinci, sai ta ƙara sakwara da miyar agushi. Ta ukun tuwon masara ce. Da waɗannan tukwanen ta sa yara huɗu a makaranta, ta kuma yi wa ɗakinta rufin kwano.

Masu cin abincinta kuwa direbobin da ke jigila ne tsakanin Karshi da Mararaba. Mota goma sha bakwai, kullum a jere a gangarar, kowacce hancinta na kallon ƙasa, da dutse a gaban taya. Lantana ba ta taɓa tambayar dalili ba. A wajenta dalilin a fili yake, hannunta ne. Tana faɗa wa duk wanda ya zauna cewa direba ba ya wuce miyarta.

Sai aka kafa wani katafaren allo a bakin kasuwa, da hoton yadda za a gyara garin. Sabuwar kwalta, magudanar ruwa, fitilu masu aiki da hasken rana, furanni a gefen hanya, sannan ba sauran ajiye mota a bakin titi. An ware fili bayan 'yan doya, za a zuba masa siminti ya zama tasha.

Ranar da kwamitin gyaran gari ya kira taro a makarantar firamare, kowa ya zo da kukansa. 'Yan doya suka tambayi inda manyan motoci za su juya ranar kasuwa. Masu shaguna suka ce wanda ya ajiye mota can nesa ba zai tako ya sayi sabulu ba. Wani Bafulatani ya so a nuna masa ta inda shanunsa za su tsallaka ba su ci furannin ba. Da aka ba direbobi dama, Dallatu, wanda ya fi su daɗewa a kan hanyar, ya miƙe ya gyara hula, ya ce filin ya yi kyau, kyau ma har ya yi yawa, ya koma ya zauna. Sauran direbobin duk suka sunkuyar da kai.

Lantana kam tun daga bayan aji take tafi. Ta riga ta ƙirga rumfunan da ke cikin hoton, goma sha biyu ne, kuma ta farko tana daidai bakin ƙofar tashar. Kafin a tashi taro ta kama hannun sakataren kwamiti, ba ta sake shi ba sai da ya ce rumfar tata ce. Ta shafa mata koren fenti. Ta sayo kujerun roba ashirin daga Mararaba, ta ɗinka sabuwar atamfa iri ɗaya ita da Christina, wadda ta kama rumfa ta biyu. Da ma'aikata suka zo rushe tsohon wurinta don shuka furanni, ita ta ba su ruwan sha.

Ranar buɗe tasha ta cika tukwanen nan uku har baki. Mota shida suka shigo. Ta ce ai sauran suna hanya. Rana ta take, shida ne dai. Washegari ma shida. Sakwara ta sandare a cikin kula, tuwo ya koma gida, yaran unguwa suka ci har suka gaji. Christina ta fara gasa masara biyu-biyu saboda kada gawayi ya tafi a banza.

Wani ɗan acaɓa ne ya kawo labari. Ya ce su Dallatu suna can gangarar gada, inda hanya ta matse, sun jera sun cinye rabin titi. Motar doya ba ta wucewa, ta yashi ba ta wucewa, ma'aikatan da ke sammakon zuwa cikin Abuja suna ta zagi, kuma kwamiti ya ce zai kawo motar janwe.

Lantana ta ɗaura ɗankwali ta hau bayansa. Ta tarar da su kuwa, goma sha ɗaya cif, hanci ƙasa, dutse gaban taya, suna cin burodi busasshe da ruwan leda.

"Dallatu, me na yi muku? Gishiri ne ya yi yawa?"

Ya waiga hagu da dama kafin ya yi ƙasa da murya. "Yaya Lantana, abincinki ba shi da laifi. Tashar ce a shimfiɗe kamar faranti. In na kashe motar nan a can, wa zai tayar min da ita?"

Nan ya warware mata. Duk motocin nan ba mai tashi da makulli. Wata batir ya mutu, wata abin tayarwar ne ya ƙone tun bara. A gangara kuwa sai ka ture dutse, ka saki birki, ka jefa giya ta biyu, mota ta yi tari ta kama. Ba yadda za a yi su faɗi haka a gaban manya, a taron da ake maganar duba lafiyar motoci.

"Ashe ba don ni kuke tsayawa ba."

"Don ke ne mana," in ji Dallatu. "Ke da gangarar."

Abin ya yi mata ciwo, amma bai kai ta har tasha ba. Tana kan babur ta fara lissafi. Direba goma sha ɗaya, hannu ashirin da biyu, kuma tsohuwar mota irin tasu mutum huɗu sun isa su tura ta. Ta daki kafaɗar ɗan acaɓan ta ce ya juya gada.

Da ta ce su shigo tasha a riƙa tura musu, Dallatu ya ce shi dai ba za a mai da shi abin kallo ba. Ta ce masa abin kallo yana nan tafe, ranar da janwe ya ɗaga motarsa sama a gaban fasinja. Haka ya biyo ta, ya shiga tasha, ya kashe mota a tsakiyar simintin yana salati. Ta zuba masa shinkafa. Da ya gama ta tuɓe takalmi, ta kira Christina da masu motoci shidan nan, ta ce duk wanda ya sa hannu yana da ƙarin nama ɗaya.

"Mama, mu fa namu suna tashi," in ji wani.

"Yau suna tashi. Taso."

Suka dafa bayan motar. Simintin sumul yake, motar ta tafi kamar an shafa mata mai, ta yi tari biyu ta kama. Christina ta faɗi zaune tana dariya, Lantana ta rangaɗa guɗa har 'yan doya suka leƙo. Kafin la'asar sauran goman sun baro gada ɗaya bayan ɗaya, titi ya buɗe, tukunyar tuwo ta ƙare har ƙanzo.

Doka ta kafu a rumfa ta farko: wanda ya ci, zai tura. Sai dai ba ta yi mako ba aka gano inda take yoyo. Mutumin da ya tashi da malmalar sakwara biyu ba ya tura komai, sai dai ya jingina da bayan mota yana nishi, motar na tsaye. Rannan mutum biyar suka kasa motsa ta Dallatu, fasinja na ciki suna kallonsu.

Lantana ta fito da ludayi a hannu ta dube su, ta juya dokar nan take. Yanzu a tashar Karshi sai ka tura ake zuba maka. Direbobi da yunwa a cikinsu sukan tsaya suna leƙen wanda ya cika fasinja, har rige-rige suke zuwa bayan motarsa. Ita kuwa ta aika Mararaba a sayo mata tukunya ta huɗu.