Na Hana Wana Ruwa

Shekarun da aka samu 'yancin kai, ni matashi ne mai kula da ɗakin shan magani na En'e, wato hukumar gargajiya, a Kebbe, sabon fitowa daga horo, ga farar riga ga girman kai. In aka ce mini malamin asibiti, sai in ji kamar ni na ƙago allura.

Ina da wa a Tambuwal, malami mai karantarwa a zaure, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Wani ciwo ya riƙa kama shi lokaci-lokaci. Yakan fara kamar mura, sai hannuwa da ƙafafu su kumbura suntum, jiri ya hana shi tsayuwa, bayan 'yan kwanaki ya yi ta fitsari, kumburin ya sace. Mutanen gida suka ce sammu ne, na yi musu dariya. Da ciwon ya sake tashi aka aiko mini, na hau keke na taho. Na ga jiki cike da ruwa, nan take na yi mashi allurar fitar da ruwa, na hana a ba shi ko kurɓi. Matarsa ta ce mini bawan Allah kukan ƙishirwa yake yi, leɓɓansa sun bushe. Na daka mata tsawa, na tambaye ta wa ya yi karatu a tsakaninmu. Shi kansa ya kira ni da sunana na yarinta, ya roƙi moɗa ɗaya. Wallahi da hannuna na fitar da tulun daga ɗakin.

Da ya fara fita hayyacinsa muka sa shi a lori zuwa Sakkwato. Likita ya ɗebi jininsa, ya nuna mini ya yi kauri kamar kunu. Ya ce jijiyoyin jininsa ne ke yoyo, ruwan jinin na tsiyaya cikin nama, shi ya sa jiki ke kumbure alhali jijiyoyi sun ƙafe. Ciwo ne da ba kasafai ake gani ba, shi ma a takarda kawai ya san shi. Ƙarin ruwa wan nawa yake buƙata, allurata kuwa ta kwashe ɗan abin da ya rage. Aka ɗaura mashi ruwa, amma ina, ƙodarsa ta riga ta tsaya.

Na yarda kwana ne ya ƙare, amma har yau zuciyata ba ta sake ni ba. Matarsa ba ta taɓa yi mini gori ba, shirun nan kuwa ya fi zagi ciwo. Lalle ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ku masu aikin lafiya, in kun ga abin da ya fi ƙarfinku, ku ce ba ku sani ba, ku tura gaba, ku kuma saurari mai jinya. Ni kunyar faɗin haka ta sa mutumin da ya rene ni ya bar duniya yana roƙona ruwa.