Na Yi Ƙaryar Ciwon Wuya, Sabo Ya Kwanta

A da ni ɗan dako ne a Ƙofar Ruwa. Rodi da siminti muke ɗauka, ni da ƙanena Sabo, kuma ba mu taɓa kwana da yunwa ba.

Wata rana Adaidaita Sahu ya goge ni na faɗi. Ko ƙwarzane ban yi ba, amma da na ga direban ya tsorata sai na dafe wuya. Aka kai ni wajen mai ɗori, aka yi sulhu a zauren mai unguwa, direba ya biya kuɗin jinya. A nan Shaiɗan ya raɗa mini cewa ciwon wuya da na baya ba sa jini, ba mai iya ƙaryata ka.

Na ajiye dako. Na ƙware wajen zubewa gaban mota a cikin cunkoso, ina salati ina kiran wuyana. Sabo ya ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah. Direbobin nan su ma nema suka fito." Na ce ya je ya ci gaba da shaƙar siminti.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Wani Alhaji ya ƙi sulhu, ya ce, "Asibiti za mu, a yi hoto." Hoto ya nuna wuyana garau. Direbobin da na cuta suka yi ta zuwa shaida, alƙali ya tura ni gidan yari.

Ina can mota ta buge Sabo da gaske, da buhu a kansa. Yana kwance yana cewa, "Don Allah kar ku taɓa ni, wuyana!" Sai wani ya ce, "Ai ƙanen wancan ne, sana'ar gidansu ce." Suka kama hannuwansa suka fizge shi tsaye, mai motar ya kama gabansa. Likita ya ce da an ɗauke shi a kwance bisa katako, da wataƙila ya sake takawa.

Na fito, na tuba, na koma dako. Ni nake juya Sabo a kan katifa, ni nake ba shi koko a baki. Ya ce ya yafe mini, kuma wallahi wannan ya fi ɗaurin ciwo. Ba ni da abin da zan yi masa.

Samari, kada ku ci abinci da ciwon ƙarya. Ni na ci, na cinye tausayin da mutane za su ji wa ƙanena ranar da ya faɗi.