Kawu Ba Ya Tashi Sai Ya Waiwayo

Jiya 'yan kamfen suka wuce ta ƙofarmu a Rano, huɗu-huɗu a babur, har da autana, ko hular kwano babu. Warin fetur ɗin nan ya tuno mini da marigayi Kawu da babur ɗinsa. In zai kai ni Kibiya, ba ya tashi sai ya waiwayo: "Kin zauna? Tattare zanen nan, kada taya ta kama."

Wata rana a hanya, lokacin zaɓe, na ce, "Kawu, wa za mu zaɓa?"

Ya yi dariya. "'Yar nan, wanda in kika ce ya rage gudu zai rage. Mu ne fa a baya."

Na faɗa wa auta, ya ce wannan zancen da ne. Allah ka haskaka kabarin Kawu, ka dawo mini da yaron nan lafiya.