Ranar da Barira Ta Kira Sunan 'Yar Farinta

Taubashiyata Barira ita ce ungozomar ƙauyenmu, nan kusa da Bici. Jariran da ta yanke wa cibiya, in aka jera su sai sun kai dam ɗin Watari sun dawo. Shafa ɗaya take yi wa ciki ta faɗi inda kan ɗa ya dosa. Sikanin ɗin asibiti kuwa "talabijin ɗin malalata" take ce masa.

Abu ɗaya ya gagare ta: sunan 'yarta ta fari. Saboda alkunya, shekara ashirin Furera ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba. Sai "ke", sai "waccan".

Shekarar da fetur ya gagari talaka, Furera ta dawo gida haihuwar fari. Naƙuda tun hantsi har la'asar, kan ɗa ya sauko ya tsaya cak. Barira ta laluba, kan ya kumbura, ta kasa gane gabansa da ƙeyarsa.

"Maijidda," ta ce mini, "nemo amalanke."

Shanu suka kai mu titi, mota ta ƙarasa da mu asibiti. Likitar, wata 'yar firit, ta ɗora sikanin ta ce, "Inna, duba. Sama yake kallo, ba ƙasa ba." Ta manna wa kan jaririn wani ɗan kofi mai zuƙa, kamar ƙahon wanzami, daidai inda hoton ya nuna.

"Zan ja, amma sai ta yi nishi. In ba haka ba, sai tiyata, ga shi yaron ya gaji."

Furera ta galabaita, ido a rufe. Likita ta kira, na kira, shiru. Sai Barira ta sunkuya.

"Furera! Furera 'yata, yi nishi!"

Wallahi na rantse mamaki ne ya buɗe idon yarinyar nan. Nishi uku, sai ga namiji yana tsala ihu, ƙeyarsa da tudu kamar an kifa masa ludayi.

A mota na zunguri Barira. "Gwanar alkunya, me na ji ɗazu?"

"Likita ce ta faɗa, uwar sharri."

Yau Barira ta koma ce wa Furera "waccan". Amma da kan ɗa ya tsaya wa mai naƙuda, za ka ji tana cewa, "Maza a kai ta talabijin."