Baba Jatau Mai Ƙwanƙwasa Motoci

Duk wanda ya ci kasuwar albasa a Aliero zamanin soja ya san Baba Jatau. Ba ya ganin mota rufe da tamfol ya wuce. Sai ya ƙwanƙwasa da sandarsa, ya kara kunne, ya ce, "Akwai mutun ciki?"

Wata rana wani direba ya fusata: "Haba Baba, albasa ta!"

"Albasa na tari? Ni na ji tari."

Aka yaye tamfol, sai ga tunkiya. Kasuwa ta kwashe da dariya. Ya dube ta ya ce, "Ke ma da masu nemanki."

A hanyar Maiyama kuwa motar soja ya ƙwanƙwasa! Sojojin suka sa tsoho tsallen kwaɗo cikin rana. Ya gama, ya kakkaɓe riga, ya ce, "To, na yi naku. Saura ku buɗe in gani."

Mu duk tsufa muka ɗauka, don daga nesa ya zo mana, ba mu san bayansa ba. Da aka buɗe gidan bidiyo a unguwar Jega Magaji, sai muka ja shi don nishaɗi. Fim ɗin ƙasar waje ne: sojoji sun jefa wani saurayi cikin mota, ba a sake ganinsa ba. Motar tana shan kwana Baba ya yi zumbur.

"Kai, mai da shi baya! Ban ga hanyar da sunka bi ba!"

Aka mayar, ana shewa. Ya sake cewa a mayar. Na ce, "Baba, wasa na hwa, ba gaskiya ba."

Ya juyo, idonsa jajir. "Wasa? Haka sunka yi da Nuhu ɗana, gabana, don ya yi magana wurin taro. Na duƙa ɗaukar takalminai, kafin in ɗago babu mota. Ka bar ni in ga hanya ko ta wani ce."

Innalillahi! Ni da na fi kowa dariya na rasa inda zan sa fuskata. Mai bidiyo ya yi ta mayarwa har inji ya ci kaset.

Baba ya rasu bai daina ƙwanƙwasa ba, takalman Nuhu suna ƙarƙashin matashinsa. Ku da ke tasowa, in kun ga hali irin nasa, ku tambaya kafin ku yi dariya. Allah ya jiƙan Baba Jatau, ya haɗa shi da Nuhu inda ba a rufe kowa.