Gyaran da Sikeli Ya Ƙi

Turaren wuta Umma take haɗawa, tun kafin a haife ni. Gidanmu na Nassarawa GRA irin tsofaffin gidajen ma'aikata ne, ginin ɗan ƙarami, filin kuwa har ya yi yawa, ga mangwaro ga darbejiya. A ɗakunan baya, inda da can kuku da mai shara suke kwana, nan ta jera tukwanenta da kwalabenta. Mun tashi kayanmu duk ƙamshin hawi da kajiji. Ko a makaranta in na gifta, sai malama ta ce, yau ma Hajiya ta ɗora tukunya ke nan.

Masu sayenta matan manyan ma'aikata ne. Lokacin da mulki ya dawo hannun farar hula, aka kuma ƙaddamar da shari'a, na tuna motoci har layi suke yi a ƙofar gidanmu, don bukukuwa sun koma cikin gida, kuma duk inda mata suka taru sai an kunna kasko. Ba wadda take saye a tsaye. Sai an shimfiɗa darduma, an sha kunun aya, an yi gulmar wanda aka ba kwamishina da wanda aka hana, sannan a zo maganar turare.

Abba ya rasu. Ƙawayen Umma wasu suka bi shi, wasu 'ya'yansu suka kwashe su zuwa Abuja. Gidajen layinmu ɗaya bayan ɗaya suka zama makarantun kuɗi da asibitoci da ofisoshin 'yan takara, katangu duk hotuna. Aka wayi gari Umma tana ɗora tukunya ne don hannunta ya saba, ba don an yi oda ba.

Yayana, wanda shi ne babba, a Abuja yake aiki, kuma ya daɗe yana so ya ɗauke ta. Ba mugunta ce ta sa shi ba. Tana da hawan jini, ta taɓa zamewa a banɗaki ba kowa kusa sai maigadi. Ni kuma ina Badawa a gidan mijina, kuma ko sama da ƙasa za ta haɗe Umma ba za ta zauna a gidan suruki ba. Duk sanda Yaya ya tayar da maganar, amsarta ɗaya ce.

"Masu sayen turarena fa? In sun zo su tarar da wa?"

Ran nan ya gaji, ya ce, "Umma, su wa?"

Shi ma ya ji nauyin abin da ya faɗa, sai ya sassauta murya ya ce, in har sana'ar tana tafiya da gaske zai bar ta a ɗakinta. In kuwa ba haka ba, bayan babbar Sallah zai zo ya tafi da ita, a ba wata makaranta hayar gidan. Na kalli Umma na ga yadda ta ƙura wa ƙofar ɗakin tukwanen ido. Ni ce auta, ni ce mai rawar kai, sai na ce zan buɗe mata shago a ɗaya daga cikin kasuwannin nan na intanet, masu saye su zo daga ko'ina.

Buɗe shagon ba wuya. Wuyar tana wurin da ake shigar da siffofin kaya. Shafin ba ya yarda ka ce masa turaren wuta kawai ya ƙyale ka. Sai ka faɗi irin ƙamshin, da launi, da mazubi, da nauyi. Kuma kowane ƙamshi a kowace girman kwalba kaya ne mai zaman kansa, da lambarsa da hotonsa da farashinsa. Gurbi ɗaya ka bari ba ka cike ba, sai ya yi ja, ya hana ka wucewa, kamar ɗan sandan hanya.

Na ɗauki waya na same ta a ɗakin baya tana tsince itacen sandal.

"Umma, ƙamshi kala nawa gare ki?"

"Wa zai saya?"

"Ban sani ba tukuna. Kowa ma."

"To ta ina zan san ƙamshin?"

Ita a wurinta turare da mutum yake tafiya. Na amarya daban. Mai jego ba a sa mata mai ƙarfi saboda jariri. Wadda za ta fita takaba ana yi mata mai sanyi, wanda ba zai sa a waiwayo a kalle ta ba. Na karanta mata abin da shafin ya ba mu mu zaɓa: ƙamshin fure, ƙamshin itace, ƙamshin 'ya'yan itatuwa, ƙamshin kayan yaji.

"Kayan yaji? Miya suka ga ina dafawa?"

Muka yi dariya har da hawaye. Na zuba su duka a ƙarƙashin ƙamshin itace, na rubuta na amarya da na jego da na fitar takaba a gurbin nau'i. Da na tambaye ta launi, ta ce launin turare mana. Na zaɓi ruwan ƙasa. Mazubi, kwalba. Na yi ta murna, a zatona mun haye.

Saura nauyi. Duk rayuwarta da gwangwanin madara take awo, shafin kuwa giram yake so. Na sayo ɗan sikeli, ina fargabar za ta ƙi shi. Abin mamaki sai ta karɓe shi hannu biyu. Ta ce wannan abin alheri ne, ko a wa'azi kullum ana jan kunne a kan tauye mudu. Ta koyi karanta lambar cikin yini ɗaya. Na rubuta ƙarama da matsakaiciya da babba, kowacce da nauyinta, na ɗauki hotuna a kan farin gyalenta, na danna. Duk guraben suka koma kore.

Odar farko daga Legas ta zo, matsakaiciya, na jego. Umma ta yi alwala kafin ta taɓa kwalbar. Ta auna, lamba ta tsaya daidai. Sai na ga ta sa yatsu ta ɗebo wani ta ƙara, ta danna da babban yatsa har murfin ya rufu da ƙyar. Ta kuma ƙulla wani a leda ta cusa a gefen kwalin.

"Umma, wannan fa?"

"Gyara mana. Ke yau kika fara ganin ina sayar da turare?"

Gaskiya ban ɗauke shi komai ba. A Kano ko gyaɗa ka saya sai an yi maka gyara. Na tafi makarantar da nake koyarwa, direban kasuwar ya zo ya ɗauki kwalin a bayana.

Bai daɗe ba kwalin ya dawo. Na biyu ma ya dawo, na uku ma. A shafin shagon kuma aka fara jera mana jan alama. Na hau Adaidaita na tafi ofishinsu na karɓar kaya da ke wajen Gawuna. Wadda na tarar a bayan kantar ofishin wata 'yar Zariya ce, Kirista, mai fara'a. Ta ɗora kwalin a sikelinsu ta juyo mini da lambar.

"Anti, ya wuce abin da kuka rubuta."

"To wucewa laifi ne? Da raguwa ya yi ai sai ku yi magana."

"Wallahi na gane, Anti. Mamana ma haka take yi a kasuwa. Amma kuɗin mota da nauyin da kuka rubuta ake lissafa shi. In bai yi daidai ba kwamfuta ba za ta fitar da takardar mannawa ba. Kuma abin da ba ya cikin hoto ba ya shiga kwali." Ta sunsuna ledar ta lumshe ido. "Kai, amma akwai ƙamshi. Ki ce wa Hajiya ta daina kawai. In jan alamar ta yi yawa rufe shagon za su yi, kuma ba mutum ne zai rufe ba balle a roƙe shi."

Na dawo na faɗa wa Umma. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce lallai sikelinsu ne ba shi da tarbiyya. Na ce to ta riƙa rufewa yadda take so, ni zan zo in rage kafin direba ya iso. Ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"Auta, in kika buɗe kwalbar da na rufe kika rage wa mutum abinsa, ban yafe ba."

Ba ta taɓa faɗa mini irin wannan kalma ba, kuma ban sake kusantar kwalbar ba.

Amma ina da taurin kai irin nata. Na zauna na yi tunani, sai dabara ta zo mini, har na ji kamar a ba ni lambar yabo. Tunda shafin yana yarda mai shago ya ƙirƙiro siffa tasa, na ƙirƙiro sabuwa na sa mata suna Gyara, da zaɓi biyu: da gyara, ko ba gyara. Na auna ƙarin da take yi da ƙullin ledar, na haɗa a nauyin, na sake ɗaukar hotuna har da ledar a gefe. Kayanmu suka ninka. Na sha wahalar lambobin nan har idona ya yi ja, sannan na kai mata wayar ina taƙama.

Ta sa tabarau ta duba.

"Wadda ta zaɓi mai gyara, ta san da shi tun kafin ta saya?"

"Ta sani."

"An rubuta mata?"

"Ga shi nan, har da hoto."

"To wannan ai awo ne, Auta. Haƙƙinta ne. Gyara shi ne wanda ba ta sa rai ba."

Haka kuwa aka yi. Mai gyara, sai ta auna duk abin da na rubuta, sannan ta ƙara nata a kai. Wadda kuma ta zaɓi ba gyara, ita ce ta fi ba ta tausayi. Ta ce baiwar Allah ƙila ba ta da hali ne, ko kunya ta ji. Sai ta ninka mata.

Ranar na yi kuka don haushi. Na ɗaga mata murya, na ce gidanta nake ƙoƙarin ceto mata, ita kuma tana wasa da ɗan ƙullin leda. Ba ta yi fushi ba, kuma wannan ya fi ƙona mini rai. Ta ce, "Matar nan ban ga fuskarta ba. Ban gaishe ta ba, ban tambaye ta yara ba, ko ruwa ban ba ta ba. Abin da ya rage tsakanina da ita ɗan ƙullin nan ne. In na cire shi, me na aika mata? Kuma sikelin nan mutum ne ya ƙera shi. In zai yi kuskure, gara ranar hisabi a tarar ni aka ci."

Har yau ban samo amsar wannan magana tata ba.

Ana sauran 'yan kwanaki Sallah saƙo ya shigo cewa an dakatar da shagon, saboda kaya ba sa dacewa da bayaninsu. Na rubuta musu koke. Na daɗe ina neman yadda zan bayyana gyara da Turanci, duk abin da na rubuta sai ya fito kamar ina amsa laifi. Amsa ta dawo nan take, irin wadda ba ɗan adam ne ya rubuta ba, tana gode mini da haƙuri. Na koma wurin 'yar Zariyar nan, ta riƙe hannuna ta ce ba abin da za ta iya. Shafin yana nan har yanzu. Na amarya, na jego, na fitar takaba, ƙarama da babba, da gyara da ba gyara, duk sun dushe, ba wanda yake dannuwa.

Yaya ya zo bayan Sallah kamar yadda ya ce. Bai yi mana gori ba. Ya karɓi wayar ya duba, ya mayar mini, ya fita waje wai zai duba taya. Gidan da yake haya a Abuja akwai wani abu a silin da yake ihu in ya ji hayaƙi, kuma masu gidan sun hana a cire. Duk mun san ma'anar haka: ba ɗora tukunya, ba kunna kasko. Tukwanen ta rabar da su, babbar ta ba matar maigadi.

Ana gobe tafiya, da la'asar, ta kira ni ɗakin baya. Ba komai a ciki sai tabarma da sikeli da ragowar turare a roba. Ta ce in kawo kwalba ta zuba mini nawa.

"Wacce ce matsakaiciyar taku?"

Na miƙa mata. Ta ɗora a sikeli, tana zubawa a hankali tana kallon lambar ta saman tabarau. Ya ɗan gota. Na ga ta sa yatsu biyu ta tsame ƙwaya ta mayar cikin robar, ta jira lambar ta tsaya cak. Ta rufe murfin, ya rufu ba gardama. Na tsaya ina jiran hannunta ya koma robar, ina jiran ta ce in miƙo leda.

Ta turo mini kwalbar.

"Ga shi. Haka suke so, ko?"