Bakin Ramin da Mastro Onofrio Ya Goge

Ranar da Imma Sciacovelli ta sha kunya, manyan baƙi uku ne suka zo daga Torino zuwa masana'antar da take aiki. Ta haska musu hoto a bango, ja da shuɗi, ta ce kwamfutarta ta nuna iskar gas giram tara za ta riƙa fita ta bakin injekta, ƙarfen da ke fesa wa injin gas, duk daƙiƙa. Aka kunna na gaske a ɗakin gwaji, ya fitar da sha ɗaya. Aka sake, sha ɗaya. Ɗaya daga cikin baƙin ya tambaye ta ko kwamfutar ba ta karya kumallo ba.

Kafin la'asar labari ya iso layinmu a Modugno, mu kuwa ba mu raga mata ba. Yarinyar da ta yi shekara takwas a jami'ar Bari tana koyon yadda iska ke bi ta ramin da bai kai kafar allura ba, ga shi iska ta ƙi jin maganarta! Ashe sati huɗu aka ba ta, ko lissafi ya daidaita ko ta bar aikin.

Mahaifinta, Mastro Onofrio, shi ke huda waɗannan ramukan a masana'antar, shekara talatin ke nan. Saura masa wata takwas ya yi ritaya. Mutum ne marar magana, tun rasuwar matarsa ma sai ya ƙara yin shiru.

Imma ta sa aka tsaga injekta ɗaya, ta duba da madubin ƙara girma. A zanen kamfani bakin ramin kaifi ne da shi, haka ta ba kwamfuta. A ƙarfen kuwa an goge shi sumul.

Ran Lahadi suna cin taliyar orecchiette ta ajiye masa ƙarfen kusa da faranti. Ya daɗe yana kallo. Ya ce haka maigidansa ya koya masa, rami mai kaifin baki ba ya fita daga hannunsa, don iska ba ta son kwana. Bai taɓa gaya wa kowa ba, ba a kuma taɓa tambayarsa ba.

"Ki faɗa musu, 'yata," in ji shi. "Naki aikin yanzu ya fara."

Duka sun san doka: wanda ya saɓa wa zane, kora ce. Ta ture farantinta, ba ta ƙara ci ba.

Ta sake gina ramin a kwamfuta da gogaggen baki. Kwana goma sha shida kwamfuta na niƙa lissafi, ita tana ramewa, har mu masu tsokana muka ja bakinmu. Lissafi ya fito sha ɗaya. Ta kuma gwada mai kaifin, ta ga cewa da an bi zanen, da injin bai samu isasshen gas ba.

Ta kai wa shugaban sashe takardun lissafin biyu. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce yana son sunan wanda ya taɓa ramin ba da izini ba.

"Sunan danginsa irin nawa ne, Injiniya, mahaifina ne," in ji Imma. "Shekara talatin injinanku na tafiya da hannunsa, zanenku na kwance a durowa. In kora za a yi, a kori zanen."